Ƙafar da Igwa ta Karya da Tarihin Tantance Kira a Cocin Katolika

A ranar 20 ga Mayu, 1521, sojojin Faransa sun yi wa sansanin sojan birnin Pamplona da ke arewacin Sifen ƙawanya, kuma kusan duk wanda ke cikin ganuwar ya san an riga an ci su da yaƙi. Mutum ɗaya ne ya kafe cewa ba za a miƙa wuya ba: wani ɗan manyan gida daga ƙasar Basko mai suna Inigo, na zuriyar Loyola, ɗan kimanin shekara 30, auta a cikin 'ya'ya 13. Taurin kansa ya sa sauran suka dake. Ana cikin ɓarin wuta sai harsashin igwa ya farfasa masa ƙafar dama, ya ji wa ta hagu rauni. Bayan faɗuwarsa ba a jima ba aka sallama.

Faransawa sun yi masa ɗori, suka sa aka kai shi gida Loyola. Can aka ga ɗorin bai zauna ba, aka sake karya ƙashin aka gyara. Da ya fara warkewa sai ya ga wani ƙashi ya turo a ƙasan gwiwa, abin da zai ɓata masa tsayuwa cikin kayan fada. Ya ce a yanke shi. A zamanin babu maganin kashe zafi, haka aka sa zarto yana kallo, bai yi ihu ba, sai dunƙule hannu. Irin mutumin ke nan: zai jure wuƙa don kada a gan shi da tawaya a gaban mata da sarakuna.

Wannan mutum ne duniya ta sani daga baya da suna Ignatius na Loyola, kuma a kan gadon jinyar nan aka dasa wata al'ada da har yau take raye a seminari da gidajen sistoci, daga Roma har Jos da Kaduna. Al'adar ita ce mutum ya keɓe kansa cikin addu'a, tare da wani mai yi masa jagora, don ya tantance ko abin da yake ji a zuciyarsa kiran Allah ne, ko kuwa son ransa ne ya yafa rigar ibada.

Kwanciya ta ishe shi, ya nemi a kawo masa littattafan jarumai da soyayya irin waɗanda ya saba karantawa. Babu su a gidan. Abin da aka samu guda biyu ne: tarihin rayuwar Almasihu na Ludolph ɗan Saksoni, da wani kundi na labarun waliyyai. Don rashin abin yi ya shiga karanta su. Wani lokaci ya ajiye littafin ya lula tunanin wata mace mai daraja, da irin bajintar da zai nuna don ya burge ta, ya kwashe awa biyu, uku, har huɗu bai sani ba. Wani lokacin kuma ya shiga tunanin yin irin abin da Waliyyi Francis da Waliyyi Dominic suka yi, ya tafi Urushalima ba takalmi, yana cin ganye. Dukkan tunanin biyu suna yi masa daɗi yayin da yake cikinsu. Bambancin yana zuwa ne daga baya. Idan ya gama na farko sai ya ji zuciyarsa ta bushe, ransa a jagule. Idan ya gama na biyu sai natsuwa da farin ciki su zauna masa har bayan tunanin ya wuce.

Ya daɗe bai lura ba. Ranar da ya lura, ya kama bakin zaren da zai riƙe har mutuwarsa: ba daɗin da tunani ke bayarwa nan take ake dubawa ba, ana duba abin da ya bari a zuciya ne bayan ya tafi, kamar yadda ake sanin ingancin rini bayan an wanke zane.

Ba shi ya fara maganar ba. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin yaro Sama'ila wanda aka kira shi cikin dare sau uku yana zaton Eli ne, sai da tsohon ya gane ya faɗa masa yadda zai amsa. Masu zuhudun hamadar Masar a ƙarni na 4 sun koya wa almajiransu su riƙa bayyana wa dattijo duk tunanin da ya zo musu, kuma John Cassian ya kai wannan koyarwa Turai a farkon ƙarni na 5. Abin da Ignatius ya ƙara shi ne tsari: ya mayar da hikimar dattawa ta zama hanya mai matakai, wadda za a iya ɗora ɗalibi ko ɗan kasuwa ko soja a kanta cikin wata guda. Mai karatu Musulmi zai iya tuna istihara da halwa. Akidar da ke ƙarƙashinsu dabam ce, amma damuwar ta yi kama: bawa yana tsoron ya zaɓa wa kansa abin da Ubangiji bai zaɓa masa ba.

Sai dai gano bakin zare dabam, iya saƙa dabam. A farkon 1522 ya hau alfadari ya nufi dutsen Montserrat. A hanya ya haɗu da wani matafiyi daga cikin Musulmin Sifen, hira ta kai su ga batun budurcin Maryamu bayan haihuwar Yesu, suka saɓa. Mutumin ya yi gaba. Inigo ya bi hanya yana tafasa, yana ganin bai kare martabar Maryamu ba, har zuciya ta raya masa ya bi mutumin da wuƙa. Ya rasa abin da ya dace. Da suka zo mararraba sai ya saki linzami, ya ce duk hanyar da dabbar ta bi ita ce amsa. Alfadarin ya bar hanyar da mutumin ya bi. Shi da kansa ya ba da wannan labari bayan shekara 30, lokacin da yake faɗa wa Luis Goncalves da Camara tarihin rayuwarsa, kuma ya kawo shi ne don ya nuna irin makantar da yake ciki a lokacin: ga ƙwazon addini, amma babu tawali'u, babu haƙuri, babu sanin yadda ake auna abu. Ran mutum ya rataya a kan linzamin dabba. Duk wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa ya tsananta wajen kafa ƙa'idoji daga baya, to ya tuna da wannan mararraba.

A Montserrat ya kwana uku yana rubuta zunubansa ya furta su ga wani firist. Daren 24 ga Maris, 1522, ya ba wani almajiri tufafinsa na alfarma, ya sa rigar buhu, ya rataye takobinsa a gaban siffar Maryamu, ya kwana a tsaye da durƙuso yana addu'a. Da gari ya waye ya gangara wani ƙaramin gari mai suna Manresa da niyyar yin 'yan kwanaki. Ya yi kusan wata 11.

Manresa ce makarantarsa ta gaskiya, kuma ta ba shi wuya. Yana addu'a awa 7 kowace rana, yana bara, ba nama ba ruwan inabi sai ranar Lahadi, ya bar gashi da farce suka yi tsawo don ya hukunta tsohon son gayunsa. Sai waswasi ya kama shi. Ya furta zunubi, ya fito, zuciya ta ce masa ya manta wani, ya koma. Abin ya kai shi ga tunanin faɗawa wani rami da ke ɗakin da 'yan Dominican suka ba shi. Ya yi alwashin ba ci ba sha sai Allah ya yaye masa, ya yi mako guda cur a haka. Firist ɗin da yake furta wa zunubi ya umarce shi ya ci abinci, ya bi umarnin duk da yana jin yana da sauran ƙarfi. Bayan 'yan kwanaki ya tsaya ya bi sawun tunanin da ke azabtar da shi tun daga inda ya faro, ya ga inda yake kai shi, wato ga ƙin sabuwar rayuwar gaba ɗaya. Ya yanke cewa ba zai ƙara tono zunuban da ya riga ya furta ba. Waswasin ya sake shi. A wannan gari ne, a bakin kogin Cardoner, ya sami wata buɗewar fahimta da ya ce duk abin da ya koya a sauran rayuwarsa bai kai ta ba. A nan kuma ya fara rubuta 'yan bayanai a wani ɗan littafi da yake yawo da shi.

Duk da haka ya sake kuskure, kuma a kan babban abu. Ya tabbata a ransa cewa Allah na so ya zauna a Urushalima har ƙarshen rayuwarsa. Ya isa can a Satumba 1523. Shugaban 'yan Franciscan masu kula da wuraren ziyara ya ce masa ba zai yiwu ba, don ana kama irinsa a nemi fansa, kuma yana da ikon fitar da shi daga Coci idan ya ƙi tafiya. Bai cika wata guda ba ya juyo. Yana ɗan shekara 33 ya zauna a aji ɗaya da yara a Barcelona yana koyon nahawun Latin. A nan wani abu ya faru da ya cancanci a tsaya a kansa. Duk lokacin da ya buɗe littafi zai yi hadda, sai tunane-tunane masu daɗi game da Allah su cika masa kai, har ya kasa riƙe darasi. Ya lura cewa ko a lokacin ibadar Mas ba ya samun irin wannan daɗi. Ya gane jarraba ce ta zo da fuskar ibada don ta hana shi karatun da zai amfani mutane da shi. Ya je ya yi wa malaminsa alkawarin ba zai yi fashin aji ba har shekara biyu muddin ya sami gurasa da ruwa.

Bayan ya bar Barcelona, masu binciken bidi'a sun tsare shi kwana 42 a Alcala, aka sake tsare shi kwana 22 a Salamanca, saboda yana koyar da mutane addu'a ba shi da shaidar karatu. Ba a same shi da laifin akida ba. A Fabrairu 1528 ya isa Paris.

Ɗan littafin nan da ya fara rubutawa a Manresa shi ne ya zama Atisayen Ruhaniya, wanda Paparoma Paul na 3 ya amince da shi a 1548. Ba littafin karantawa a kishingiɗe ba ne. Jagora ne ga wanda zai bi da wani cikin kwana 30 na shiru, awa huɗu ko biyar na addu'a kullum, har da ta tsakar dare. An kasa shi mako huɗu: na farko a kan zunubi da jinƙan Allah, na biyu a kan rayuwar Yesu, na uku a kan shan wahalarsa, na huɗu a kan tashinsa. A cikin mako na biyu ake yin zaɓi, bayan mutum ya roƙi a daidaita masa zuciya har ya zama bai fifita arziki a kan talauci ko tsawon rai a kan gajarta ba, sai abin da zai fi kai shi ga manufar da aka halicce shi dominta.

Ignatius ya ce lokutan zaɓi uku ne. Akwai wanda Allah ke jan mutum ta yadda babu sauran shakka, kamar Bulus a hanyar Dimashƙu. Wannan ba kasafai ba. Akwai wanda mutum ke bin sawun natsuwa da ƙuncin da ke zuwa masa na tsawon kwanaki, ya ga inda suka karkata. Akwai kuma lokacin da zuciya take kwance, babu abin da ke motsa ta. A nan sai a ɗauki alƙalami a jera amfani da illar kowace hanya, a tambayi kai: da wani baƙo ne ya zo neman shawara a kan wannan, me za a ce masa? A kan gadon mutuwa, wanne za a so a ce an zaɓa? Bayan an yanke sai a mayar da zaɓin gaban Allah cikin addu'a a nemi tabbaci.

Ƙa'idoji biyu ne suka fi ceton mutane. Ta farko, lokacin ƙunci da duhun zuciya ba lokacin canza shawara ba ne. Ta biyu ta shafi mai jagora: ba shi da izinin tura mai keɓewa zuwa ga zama firist ko aure ko wata hanya. Aikinsa ya tsaya a tsakiya kamar harshen sikeli, ya bar Mahalicci da bawansa. Wanda ya san yadda manya ke son zaɓa wa yara hanya, a gida ko a coci, zai gane nauyin wannan hani, kuma zai gane dalilin da ya sa ake yawan karya shi.

A kwalejin Sainte-Barbe ta Paris ya zauna ɗaki ɗaya da samari biyu. Peter Faber, wanda ya taso yana kiwon tumaki a Savoy, ya rasa inda zai sa gaba: yau aure, gobe likitanci, jibi shari'a, gata zuhudu. Ignatius bai yi gaggawar sa shi cikin kwana 30 ba. Sai da ya jira shi kusan shekara huɗu, yana koya masa binciken zuciya na kullum, har waswasinsa ya lafa. Faber ya yi keɓewar a tsakiyar hunturun farkon 1534, aka naɗa shi firist a watan Mayu. Na biyun, Francis Xavier, ɗan Navarre mai son suna, ya daɗe yana yi wa Ignatius dariya kafin ya sauko. Ranar 15 ga Agusta, 1534, su ukun da wasu abokansu huɗu, su bakwai ke nan, suka yi alkawarin talauci da tsarkin jiki a wani ƙaramin ɗakin ibada a Montmartre.

A 1539 a Roma suka gwada hanyar a matsayin jama'a. Tambayar ita ce ko su ɗaure kansu da biyayya ga ɗaya daga cikinsu su zama ƙungiya. Suka yarda kowa ya yi addu'arsa shi kaɗai, kada wani ya ja ra'ayin wani. Wata rana kowa ya kawo hujjojin ƙi kawai, washegari kowa ya kawo na yarda kawai. Bayan makonni suka haɗu a kan yarda, kuma ranar 27 ga Satumba, 1540, Paparoma ya tabbatar da Ƙungiyar Yesu, wadda aka fi sani da 'yan Jesuit. Shi kansa Ignatius, a 1544, ya kwashe kwana 40 yana kai tambaya ɗaya tak gaban Allah a Mas, ko majami'un ƙungiyar za su mallaki kuɗin shiga na dindindin, yana rubuta abin da ya ji kowace rana, har da hawayen da ya zubar. Ya rasu ranar 31 ga Yuli, 1556.

Daga nan al'adar ta bazu. Majalisar Trent a 1563 ta umarci kowane bishop ya kafa seminari, don a daina naɗa mutanen da ba a san su ba, ba a horar da su ba. A Faransa, Vincent de Paul ya fara shirya keɓewa ta musamman ga waɗanda za a naɗa a Beauvais a 1628. Paparoma Pius na 11 ya ayyana Ignatius a matsayin waliyyin masu keɓewar addu'a a 1922, kuma Paul na 6 ya kafa ranar addu'a domin kira ta duniya a 1964, wadda ake yi a Lahadi ta huɗu ta lokacin Ista.

Mata ma sun ɗauki hanyar. Mary Ward 'yar Ingila ta kafa ƙungiyar sistoci a kan tsarin Ignatius a 1609, kuma daga reshenta na Loreto ne Uwa Teresa ta fito. Ranar 10 ga Satumba, 1946, tana cikin jirgin ƙasa zuwa Darjeeling don keɓewarta ta shekara, ta ji kira na biyu: ta bar makarantar da take koyarwa ta shiga unguwannin matalautan Kalkata. Ita ba ta yi shakka ba. Amma mai yi mata jagora, Fada Celeste Van Exem, ɗan Jesuit, da Babban Bishop Ferdinand Perier sun sa ta jira, tana addu'a tana rubuta musu. Sai a Agusta 1948 ta fita daga gidan Loreto, kuma sai 7 ga Oktoba, 1950, aka kafa ƙungiyarta. Marigayi Paparoma Francis, wanda ya ce kiransa ya faro ne daga wata furta zunubi da ya yi a Buenos Aires ranar 21 ga Satumba, 1953, bai shiga 'yan Jesuit ba sai 1958, ba a naɗa shi firist ba sai 1969.

A Najeriya, saurayin da ya ce yana jin kira yana shiga wannan dogon layi ne ko bai taɓa jin sunan Pamplona ba. Ko a seminarin Saint Augustine ta Jos, wadda aka buɗe a 1967, ko a Good Shepherd ta Kaduna, gabansa akwai shekara takwas zuwa goma na falsafa da tauhidi da aikin gwaji a majami'u. Tambayoyin da zai kai gaban Allah na nan gida ne. Shin yana son hidima ne, ko girman da ake ba Fada a gari? Zai iya rayuwa ba mata ba ɗa, a ƙasar da ake auna mutum da zuriyarsa? Idan ya gane ba hanyarsa ba ce, zai iya komawa ya fuskanci uwar da tuni maƙwabta suka fara kiranta uwar Fada? Akwai kuma tambayar da ta ƙara nauyi tun Janairu 2020, lokacin da 'yan bindiga suka sace ɗalibai huɗu daga Good Shepherd, suka kashe Michael Nnadi mai shekara 18.

Dokar Coci ta 1983 ta kare wurin da saurayin zai faɗi waɗannan abubuwa ba tsoro. Kowace seminari sai ta ajiye jagoran ruhaniya, kuma idan aka zo yanke shawarar naɗa ɗalibi ko sallamarsa, an hana a nemi ra'ayin jagoran ko na firist ɗin da yake furta wa zunubi. Dokar ta kuma wajabta keɓewa ta aƙalla kwana biyar kafin naɗi, kuma sai bishop ya tabbatar an yi ta. 'Yan Jesuit, waɗanda suka buɗe kwalejin Loyola a Abuja a 1996, har yanzu suna yin cikakken kwana 30 sau biyu a rayuwa: a shekarun farko na shiga, sai kuma bayan dogon karatu da aiki, kafin alkawarin ƙarshe.

Ranar naɗi, bayan karatun Bishara, ana kiran sunan kowane ɗaya da ƙarfi a gaban jama'a, ya miƙe ya amsa. Bishop ya juya ga firist ɗin da ya gabatar da su ya tambaye shi ko ya san sun cancanta. Shi kuma ya ba da shaida cewa an bincika a wurin jama'ar Kirista, an kuma ji ta bakin waɗanda suka horar da su. Sai bayan haka samarin ke kwantawa rub da ciki a ƙasa, fuska a kan hannu, majami'a ta durƙusa tana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya.